Gashin Bakin da Ka Ajiye Mini

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Wanzami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga ubansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Wata uku ke nan da muka kai ka makwancinka. Inna tana lafiya, sai dai abinci ya ƙi shigarta. Ni kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, na gaji da haɗiyarta. Masu ganin wasiƙar nan a talho, wato waya, su gani, ni da kai nake.

Baba, kowa a Gaya ya san rumfarka ta bakin hanyar gada, inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran duwan, masu karɓar kuɗin fito. Direba zai taso tun daga Kotonu da gashin baki buzu-buzu, ya wuce wanzamai nawa a hanya, ya ce sai ya zo wurin Garba. Ba don askin kai suke zuwa ba, don leɓen sama ne. Kai ne kake aske shi ƙwal, mutum ya kwana ya tashi ba zafi, ba ƙurji ko ɗaya.

Ba abin da ban gani ba a rumfar nan. Ka fara jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka ɗora a leɓen, ka bar shi kana jan mutum da hira har gashin ya yi laushi. Ka shafa kumfar sabulun salo. Ka ce masa ya ɗame leɓe a kan haƙora, ka ɗaga kan hancinsa da babban yatsa, sannan ka sa aska. Daga hanci zuwa leɓe, kaɗan-kaɗan, yadda gashin ya kwanta. Wurin da babu kumfa ba ka komawa kansa. In an gama, ruwan sanyi, ɗan alif, sai man kaɗanya. Kullum maganarka ɗaya ce: "Hamidu, bi gashin, kada ka yi faɗa da shi." Ni kuwa ina jinka ne kawai, hankalina yana Yamai. Na ce ba zan ƙare rayuwata ina riƙe hancin mutane ba. Ka yi dariya ka ce, "To, mai babban kai, Allah Ya ba da sa'a."

Da ciwon nan ya shanye maka ɓarin dama, aska ta fita hannunka, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Amma Juma'a ba ta taɓa wuce ka ba. Maƙwabta ke ɗaukarka a mota su kai ka masallaci, fes da kai kamar ango.

Zuwana na ƙarshe ranar Alhamis ce, da hantsi. Na zo a gaggauce, na bar butik ɗina, shagon nan nawa na Yamai, a rufe, ina son in kama motar azahar in koma. Ali Ɗan-Bengu, tsohon almajirinka na sana'a wanda ke zuwa yi maka gyara, ya tafi ƙauyensu ta'aziyya. Ka kalle ni, ka taɓa leɓenka da hannun hagu. Na gane abin da kake so. Shekarata talatin da wani abu a duniya, ranar ce ka fara neman in yi maka aski.

Kaico, Baba. Zabirarka tana rataye a ƙusa, ban ko dube ta ba. Na leƙa wurin mai tebur na sayo reza mai ƙotar roba. Ban jira Inna ta ɗora ruwa ba, na ɗebo na randa na yayyafa maka. Ba tsumma, ba kumfa ta kirki. Na kama daga ƙasa na yi sama, don na ga ya fi sauri. Kuma na manta, wallahi na manta, cewa ba ka iya ɗame leɓen nan, ni ya kamata in ja shi da yatsa. Ka ɗaga hannu kana son ka yi magana, na ce maka an kusa gamawa. Na yanke ka a ɓarin da ya mutu, ko motsi ba ka yi ba. Inna ce ta ga jinin ta yi salati.

Ka nemi madubi. Ka daɗe kana kallo. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina jiran faɗa, don da Ali ne ya yi wannan ɓarnar da ya ji a jikinsa. Sai ka ce, da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya: "In ka dawo, mu sake." Na ce to, na fita.

Washegari Inna ta kira ni. Leɓen ya kumbura, ƙuraje sun feso, kuma ka ƙi zuwa masallaci. Motar ta zo har ƙofar gida ka ce su tafi, wanzami ba zai shiga cikin mutane da wannan bakin ba. Ka san abin da na yi? Dariya na yi. Na ce tsoho da rigima, ɗan ƙurji ne zai hana shi Juma'a? Wannan dariyar ita ce ke ci na har yau.

Bayan nan duk kiran da Inna ta yi sai ta ce babanka yana tambayarka. In ce mata sati mai zuwa. Kaya sun iso, sati mai zuwa. Kasuwa ta buɗe, sati mai zuwa. Gaya da Yamai ɗin me, Baba? Wuni ɗaya ne. Sati shida na yi ina wannan ƙaryar.

Ranar da aka kira ni da safe aka ce ka cika, na iso ana shirin yi maka wanka. Da aka yaye zanen, ban fara ganin komai ba sai bakinka. Kai a aske, gemu a gyare, amma gashin baki ya sauko fari fat, ya rufe leɓe har yana shiga baki. Ban taɓa ganinka haka ba tun da aka haife ni. Raina ya ɓaci, na juya kan Ali na ce wane irin wulaƙanci ne wannan? Sai ya fashe da kuka. Ya ce duk Alhamis yana zuwa, ka ba shi kai, ka ba shi gemu, in ya kawo aska wajen leɓe sai ka kau da fuska ka ce, "Bar nan, na Hamidu ne."

Na fizgo zabirar daga ƙusa. Na ce a ba ni ruwan ɗumi, a ba ni sabulu, yanzu zan yi, na iya, wallahi na iya. Liman ya riƙe mini hannu a hankali ya ce, "Ɗana, ba a yi wa mamaci aski. Yadda ya tafi, haka ake kai shi." Na roƙe shi ko da almakashi ne, ko gashi biyu. Ya girgiza kai.

Abin da aka bar ni na yi kaɗan ne. Na tsoma yatsa a ruwan wankan, na kwantar da gashin gefe da gefe, na fitar da shi daga bakinka. Daga nan aka ɗaure haɓa, aka rufe fuska.

Baba, ka yafe mini. Ba rashin sani ba ne, ka koya mini komai, gaggawa ce da raini. Ka jira ni har ka gaji ban zo ba. Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka fiye da yadda na ji ta kana da rai.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka fuskarka ranar tsayuwa. Juma'ar nan da na hana ka, Allah Ya rubuta maka ladarta cikakkiya, laifin kuma Ya yafe mini. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Ɗanka da ya zo a makare,
Hamidu