Soson Teku a Firizar Maisandari

Maisandari, Maiduguri
9 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga 'yata Rhoda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Yaya sanyin Ingila, yaya karatu? Mu nan lafiya lau, sai zafin da kika sani. Mamanki ta ce in tambaye ki ko kin samu inda ake sayar da barkono, ko har yanzu dafaffen dankali ne safe da yamma.

Wasiƙarki ta iso. Shafi biyu tambayar ajiyarki ce, mu da muka haife ki layi uku muka samu. Ba komai. Soson tekunki yana hannuna, ƙulli goma sha huɗu, ko ɗaya bai ɓata ba.

Tun da firizar ɗakin bincikenku ta lalace kika kawo su tawa, na zama malamin teku a unguwa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Tafkin Chadi ba. Maƙwabciyarmu Zainaba mai kifi ta leƙa, ta ce wannan ko kyauta ba za ta karɓa ba. Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda kika yi mini: halitta ce da ke manne a dutse cikin teku, ba ta gudu, ba ta cizo, sai Allah ya ba ta dafin da take kare kanta da shi, kuma a cikin dafin nan kuke neman sabon magani. Na gaya mata mako bakwai kika yi a kwalekwalen masunta can bayan Kalaba kafin ki tara su, kuma ruwan da kika tatsa daga mai lamba tara ya kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari allura. Ta riƙe baki. Ni kuwa kaina ya kumbura kamar ni na shiga kwalekwalen.

An ɗan sami matsalar wuta kwanakin baya, amma na yi dabara. Kada ki sa wa ranki damuwa, ki mai da hankali kan koyon na'urar da aka tura ki koya.

Mamanki da 'yan mawaƙan coci suna gaishe ki.

Ni ne mahaifinki,
Manasse Dzarma


Maisandari, Maiduguri
23 ga Afrilu, 1988

Rhoda 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, yau mamanki ta zauna a gabana ta ce ba za ta tashi ba sai na rufe ambulan.

Wasiƙar da na rubuto miki ta baya, ba ƙarya a cikinta kalma da kalma, amma gaba ɗayanta ƙarya ce. Ga abin da ya faru.

Ranar Litinin ta makon Ista taransifomar unguwarmu ta ƙone. Ban manta da abin da kika ce ba. Kin tsaya a bakin ƙofa da jakarki, kika maimaita sau biyu cewa in wuta ta wuce yini ɗaya babu, in kwashe su cikin kular ƙanƙara in kai wa James abokin aikinki, shi ya san inda ake da janareta. Na ji ki sarai. Amma James ɗin nan ni na koya masa haɗa baƙi a aji biyu, na sha zane shi a kan jadawalin lissafi. Sai na ji nauyin in tsaya a ƙofarsa da kula a hannu, tsohon hedimasta yana neman ɗalibinsa ya cece shi. Na ce wa kaina ai gobe za a gyara. Goben ta zo, na sayo ƙanƙara, kafin azahar ta zama ruwa. Rana ta uku da na buɗe firizar, ƙullin sun yi laushi, wari ya fara tashi.

Ko a lokacin da na tafi wurin James da wataƙila an tsira da wani abu. Amma yanzu kunyar ta zama biyu, don sai na faɗi dalilin da ya sa na yi kwana uku. Sai na tuna shekaru huɗun da na yi ina koyarwa a Baga. Can duk abin da ya fito daga ruwa ba a barinsa ya ruɓe, kyafa shi ake yi, ya yi wata shida lafiya lau. Na aro rabin ganga da ragar waya wurin Zainaba, na ce mata kifi zan yi banda.

Rhoda, da kin ga yadda na yi aikin da natsuwa. Na kwance kowane ƙulli, na jera su a kan ragar, na rubuta lambar kowanne da alli a jikin gangar don kada su cakuɗe. Wuta kaɗan-kaɗan, hayaƙi da yawa, yini biyu ina juya su. Da suka bushe na naɗe kowanne a takarda da lambarsa. Mamanki ta tambaye ni ko haka kika ce a yi, na ce mata ta bar kimiyya ga waɗanda suka koyar da ita. Cikin wannan alfaharin na rubuto miki.

Ranar Lahadin da ta wuce James ya biyo ni gida bayan sujada don ya duba ajiyar. Na ɗauko kwalin na buɗe masa ina jiran yabo. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya durƙusa kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya yi mini bayani a hankali, cewa abin da kike nema a cikinsu ba ya jure zafi, ya riga ya lalace. Ya ce ko an gwada an ga yana kashe ƙwayoyin cuta ba za a yarda ba, don hayaƙi ma yana kashe su, ba mai iya rabe aikin soso da aikin itacen da na ƙona. Bai ɗaga murya ba, bai daina ce mini Baba ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara talatin da ɗaya ina hukunta yara a kan rashin bin umarni. Kin ba ni umarni guda ɗaya tak. Ban san da wace fuska zan tarye ki a filin jirgi ba. Ban ce ki yafe mini yanzu ba, na dai ce ki sani tun da wuri, ko akwai abin da za a iya yi daga can.

Mamanki tana gaishe ki. Ba ta yi mini gori ba, tuwo kawai take ajiye mini ta koma ɗaki.

Mahaifinki,
Manasse


Maisandari, Maiduguri
30 ga Mayu, 1988

Ƙaunatacciyar 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinki? Kin ce mura ta kama ki, ina fata ta sake ki. Nan an yi yayyafin farko, zafi ya ɗan sauka.

Amsarki ta zo. Kin ce in kwantar da hankalina, teku ba ta ƙafe ba, za ki koma ki ɗebo wasu. Na karanta wa mamanki, ta yi kuka, ni kuma na yi barci mai daɗi karo na farko cikin wata guda. Ashe ke ma kin iya irin wasiƙar da na fara rubuto miki. Gado ba ƙarya ba.

Shekaranjiya na matsa wa James, ya gaya mini sauran. Ya ce kin rubuta wa farfesan da ke duba aikinki cewa ke ce kika yi sakaci wurin ajiya, ba ki ambaci sunana ba, ba ki ambaci ganga ba. Ya ce saboda haka kwamitinsu zai zauna ranar ashirin ga Yuni, kuma wanda aka samu da sakaci da kayan bincike ba a sake tura shi teku, wani ake ba aikin. Wato mai lamba tara, da kika san dutsen da kika ɓamɓaro shi, wani ne zai je ya ɗebo ya sa sunansa.

Na san abin da ya sa kika yi haka. Ba kya so a zauna a ofis ana dariyar tsohon da ya yi bandar maganin 'yarsa. To, za a yi dariyar, kuma na cancanta. Rufin asirin da za a saya da aikinki ba na so.

Jiya na zauna na rubuta wa farfesan komai da Turancina na hedimasta: umarnin da kika ba ni sau biyu, kwana ukun da na yi ina jan ƙafa, gangar, allin, har abin da na faɗa wa mamanki. Na roƙi James ya sa hannu a matsayin shaida, ya ƙi, sai da na tuna masa cewa har yanzu ni malaminsa ne. Kwalin ma na ba shi ya kai, su buɗe su shaƙi hayaƙin da hancinsu. Na kuma ce in suna so in zo in tsaya gaban kwamitin in faɗa da bakina, kwat ɗina na coci yana nan a goge.

Ban san ko wannan zai isa ba. James ya ce wataƙila, bai ce tabbas ba.

Na san za ki ce don me ban shawarce ki ba. Da gangan ne. Sai da na ga wasiƙar ta faɗa akwatin gidan waya da idona, sannan na dawo gida na ɗauki biro na fara taki, don kada ki hana ni.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe ƙirjinki.

Ni ne wanda ya kyafa su,
mahaifinki,
Manasse Dzarma