Sun Hana Hadiza Hatsi

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya zaman Abijan? Mu a Yantala lafiya, sai fari.

Jiya dattawan da muka zaɓa su riƙe koperatif, ƙungiyarmu ta haɗin gwiwa, suka raba hatsi, suka hana matarka Hadiza ko tiya guda. Wai sai maigida ya zo da kansa! Na ce wa babbansu, "Baba Alhaji, yaranta su ci me?" Ya ce, "Rufe baki, zamanin soja ne." Na ce soja bai riƙe masa hannu ba. Suka kore ni.

Na kai mata rabona, amma ba zai kai Juma'a ba. Ka taho su ga fuskarka, tunda fuskar maigida suke auna wa hatsi.

Ka sa mu cikin addu'a. Gaida Kawu.

Ƙaninka,
Sani