Atamfar da Aka Raba Mana

Talata da dare, Ajingi.

Yau a rana na wuni wurin taron jam'iyya. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi, duk saboda turmin atamfa ɗaya mai hoton ɗan takara. Na dawo da murnata na shimfiɗa ta gaban maigida.

Ko hoton bai kalla ba. Gefenta ya kama ya murza, ya ɗaga ta a haske, kamar yadda yake yi lokacin da yake aikin masaƙa a Kano, kafin a rufe ta ya dawo gona.

Ya ce, "A waje aka buga wannan. Ko zarenta ba namu ba ne."

Kuma mai hoton nan, shi ne ɗazu ya rantse zai buɗe masaƙu! Raina ya ɓaci, na ce gobe zan mayar musu da abarsu.

Ya ninke ta a hankali, ya ɗora min a cinya.

"Ki kai wa tela, Maman Habiba. Rabona da in saya miki zane, sallah nawa ke nan?"

Na san ko nawa ne, shi ma ya sani.