Wa Ya Sare Darbejiyar Yaya Halliru?

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Mutanen shafin garinmu na intanet ne za su gani, kuma so nake su gani.

Darbejiyar nan goma sha biyu da ka dasa a bakin firamare, shekarar da ka zama hedimasta, bakwai sun tafi. An ce za a gina shaguna a wurin.

Ka ji ni ko? "An ce." Da kana raye da ka zaro jan biro. Ina sabon malami na kawo maka rahoto, ka ja layi ƙarƙashin "an fasa taga", ka ce: "Taga ba ta fasa kanta. Wa ya fasa?"

Ranar Laraba na rubuta a shafin cewa kwamitinmu na cigaban gari ne ya ba da izinin saran, na jera sunaye. Kafin la'asar shugaban kwamiti ya tako har gida. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce rubutun intanet ba ya goguwa, jikokinmu za su gani, tuni mutanen Beli da Ruwan Bago suka fara tura wa juna. Wai in mayar da shi "an sare bishiyoyi" kawai, yadda manya ke rufa wa juna asiri. In na ƙi, su cire ni daga kwamiti da shafin.

Su cire. Ban shekara talatin da alli a hannu ba don in tsufa ina ɓoye wanda ya yi aiki.

Amma Yaya, suna na farko a jerin nawa ne. Ni na sa hannu. 'Yan kwamiti suka miƙo mini takardar izinin bayan sallar Juma'a, ban ko ɗauko tabarau na karanta ba. Sai da na jiyo ƙarar injin yanka daga tsakar gida na gane abin da na yi.

Saura biyar. Kullum da safe nakan kai kujerata in zauna a gindinsu. Duk wanda ya zo da inji zai tarar da ni, kuma zan rubuta sunansa.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa inuwar da ka bar wa yara ta zame maka inuwa ranar hisabi. Ni kuma ka yafe mini.

Ƙaninka,
Sani