An Ƙwace Mini Ishaya

Kwamba, Suleja

Yaya Rebeka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar? Tunda kunnenki ba ya shiri da waya, na ba mai keke wannan takarda.

Yaya, an ci mini fuska. Kin san tun rasuwar Baba ni nake karanta annabcin Ishaya a sujadar Kirsimeti. In na kai ayar da ke maganar yaron da aka haifa mana, in yi shiru, in tambayi jama'a, "Wane ne wannan?" su amsa, "Almasihu ne." Bana Fasto ya ɗauki karatun ya ba Nnabuike, mai shagon kayan lantarkin nan da ya koyi Hausa jiya-jiya a kasuwa. Ni kuwa aka jefo mini annabcin Mika, 'yan ayoyin da ba su cika cokali ba. Raina ya ɓaci, har tuwo na kasa ci.

Ƙanenki,
Istifanus

Garam

Istifanus,

Na gode, ƙafa da sauƙi. Ka gaida 'yarka Comfort.

Kishi kake yi, ka kira shi da sunansa. Ishaya ba gonar Baba ba ce da za ka ce ka gada. Mika ma ai shi ya faɗi garin da za a haifi Almasihu tun kafin a haife shi, ƙaramin gari kuwa, bai raina shi ba. Amma kai da ka san komai, ka taɓa tambayar kanka wa yake koya wa Nnabuiken karatu? Ka buɗe ido a gidanka.

Allah ya kiyaye,
Rebeka

Kwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta Mikana, na koma bencin baya musamman don in tsinci kurakuran Nnabuike. Ban samu ko ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya yi shiru daidai inda nake yi, ya ɗaga kai irin na Baba, ya yi tambayar. Coci ya amsa har kwanon rufi ya ɗauka. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Kai, bana an yi karatu," ba ta ma san ni ne a gefenta ba.

Da na waiga ɓangaren mawaƙa, sai na ga Comfort tana bin sa da leɓe, kalma bayan kalma, hawaye na zubo mata. Ni ba ta taɓa yi wa karatuna kuka ba.

Istifanus

Kwamba

Yaya,

Dangin Nnabuike za su kawo gaisuwar neman auren Comfort ranar Asabar. Ki daure ki zo, ko da sanda ne. Ban ce na yarda ba. Amma in ba kya kusa, ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Naki,
Istifanus