Tukunyar Goggo Dela

Litinin, 12 ga Mayu 2025

Yau aka fara formasiyon, wato horon da ake ba mu. Alhamdulillahi, an karɓi ƙungiyarmu ta mata cikin shirin nan da ke mayar wa gidajen renon yara abin da suka kashe a kan abinci. Mu za mu tsaya wa gidaje biyar: uku nan Garwa, ɗaya Bibemi, ɗaya Gider. Ni mata suka turo, wai na yi lise, wato sakandare, kuma bakina ba ya mutuwa. To yau ya mutu. Madam Véronique, mai koyar da mu, ta jero sharuɗɗa har kaina ya ɗau zafi. Dosiye, wato fayil ɗin takardun kowane gida, takardar likita ga duk mai taɓa tukunya, abincin mako a rubuce jikin bango, wurin wanke hannu, a ɗebi kaɗan daga kowane girki a ajiye ko da cikin wani yaro zai ɓaci. Duk na yarda. 'Ya'yan mata 'yan kasuwa ne, uwa ta ajiye ɗa tun safe sai la'asar. In ya ci ya ƙoshi ai mun gode Allah.

Talata, 13 ga Mayu

Ashe babban sharaɗin yana baya. Wai dole in je kowane gida kontrol, wato duba aiki, ba tare da na sanar ba, lokacin girki, in shiga madafa, in ɗaga murfin tukunya da hannuna, in ɗanɗana. Kuma kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a soke ƙungiyar gaba ɗaya.

Na ɗaga hannu na ce, "Madam, a nan ba a buɗe wa mace tukunya. Ko mijinta ba ya yi." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ta sani, ita ma a Garwa aka yanke mata cibi, amma ranar da aka san za ka zo ba ita ce ranar da yara ke ci kullum ba.

Matsalar ita ce gidan Gider na Goggo Dela ne. Ƙanwar babana, wadda ta goye ni bayan rasuwar Inna, ta koya mini riƙe muciya da rankwashi. Ni Raihana in buɗe tukunyar Goggo? Tabɗi.

Alhamis, 15 ga Mayu

An gama, an ba mu takardar shaida. Na sa hannu a wurin da aka ce na yarda da dukkan sharuɗɗa. Hannun ne ya yarda.

Laraba, 21 ga Mayu

Gidajen Garwa uku sun wuce lafiya. Amatullah ta ƙofar kasuwa ma dariya ta yi, ta ce in buɗe, in na ga dama in shiga ciki in zauna. Na ci shinkafar garin Maga da miyar yakuwa har na manta aikin da ya kawo ni. Wurin wanke hannunta ne kawai babu sabulu, na rubuta.

Asabar, 24 ga Mayu

Jiya Bibemi. Hanya ta cinye mini ƙugu, amma gida tsaf.

Saura Gider. Na ɗauki waya sau nawa yau in ce, "Goggo, ki ɗan shirya." Wa zai sani? Ai tun da nake ban taɓa zuwa gidanta ban aika ba. Ita ta koya mini haka. In na isa in tarar an share, an yi turare, maƙwabciyarta Sidonie ta taya ta girki, ita kuwa tana zaune cikin ɗaki kan darduma kamar matar lamiɗo, ina shiga ta ce, "Raihanatu, an iso?" Na ajiye wayar dai. Ba don tsoron Madam ba. Haushi nake ji a ce sai na yi wa Goggo satar amsa kafin ta ci. Matar da duk unguwar ke aiko wa a ɗanɗana musu miyar biki!

Laraba, 28 ga Mayu

Na je.

Ban san ta ina zan fara ba. Na sauka wajen hantsi, na hau mashin har ƙofar gida. Na yi sallama, hayaniyar yara ta danne. Na shiga. Goggo na durƙushe gaban murhu a tsakar gida, rana fes. Na tsaya gabanta, ba nisa, in na miƙa hannu zan taɓa ɗankwalinta. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ta ce, "Sidonie, kin dawo da wuri? Miƙo mini gishiri."

Na dubi idanunta da kyau. Idon dama fari fat, na hagun ma ya fara. Ga tabon ƙuna a hannunta, sabo kan tsoho. Wata yarinya mai rarrafe ta nufi bakin wuta, Goggo ba ta san tana wurin ba. Na sure ta, sannan na ce, "Goggo, ni ce."

Can ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce babu. Ta ce to me ya kawo ni ba aike. Na faɗa mata. Na roƙe ta gafara, na ɗaga murfin. Miyar kuɓewa ce, ƙamshin nan nata yana nan, amma guntun leda na yawo a sama, ya fara narkewa. Na tsame shi. Ta ji ƙarar murfin. Ta ce, "Kin buɗe mini tukunya, Raihanatu." Ba faɗa, ba tsawa. Da ta zage ni da ya fi mini.

Da zan tafi Sidonie ta dawo daga gona, ta raka ni bakin titi. Hausarta ta kasuwa ce amma na gane komai. Ta ce abin ya daɗe, Mama Dela ta sa ta rantse da Allahnta kada ta faɗa wa kowa. "Ta ce in an sani za a kwashe yara, in an kwashe yara ita ta mutu ke nan." Duk ranar da na aiko zan zo, Sidonie ke barin gonarta ta yi girkin.

Na yi kuka a mota har wani dattijo ya miƙo mini goro.

Alhamis, 29 ga Mayu

Rapor, wato rahoton da zan kai, na gabana tun safe. In na rubuta gaskiya, za a iya cire gidan, iyaye su ji dalili su kwashe 'ya'yansu. Goggo ba ta haihu ba, waɗannan ne nata. In na rubuta lafiya lau, wata rana wani yaro ya faɗa wuta da sa hannuna.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na rubuta abin da na gani, har ledar. Na kai. Allah Ka gani.

Litinin, 2 ga Yuni

Madam Véronique ta kira ni ofis. Na tafi da faɗana a baki, na shirya in ce mata ga abin da dokarsu ta jawo. Ba ta ba ni dama ba. Ta ce, "Madam Raihana, ranar da muka yi darasin gyara kina ina?" Ina nan mana, amma hankalina na kan tukunya. Ashe ba a cire gida haka nan. Ana ba shi lokaci ya gyara, sannan a sake dubawa. Ta lissafa mini: a samu wata mai girki ta yi formasiyon ta kawo takardar likita, a kewaye murhu yadda yaro ba zai kai ba, ita kuma Goggo likitan ido ya gan ta. Kafin nan kada ta sake kusantar wuta.

Na ce ai Goggo ba za ta yarda ba. Ta ce, "Tawa uwar ma ba ta yarda ba, sai da muka ɗauke ta kamar buhu." Na fashe da dariya ga hawaye. Matar nan da na raina, na ce ba ta san komai ba sai takarda. Allah Ya saka mata da alheri.

Laraba, 4 ga Yuni

Na buga wa Sidonie. Ban gama tambaya ba ta ce to. Na ce gonar fa, ga damina ta kama? Ta ce mijinta Roger yana da hannu biyu. Tun yau ita ke girki. Goggo kuwa ta ƙi karɓar wayar.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallah ta zo ta wuce. Duk shekara Goggo kan aiko mini da soyayyen nama cikin ƙaramin kwano. Bana shiru. Nawa da na aika an karɓa, ba a ce an gode ba.

Talata, 17 ga Yuni

Sidonie na nan gidana, tana zuwa formasiyon. Faransancinta ya fi nawa gudu ashe, makarantar mishan ta yi can ƙauyensu na kan dutse. Da yamma sai ta dawo ta dinga yi mini bita, yadda ake ajiye ɗanɗanon girki, yadda ake wanke ganye, kamar ba ni na riga ta ba. Amatullah ta tura ƙanwarta Gider ta riƙe tukunyar kafin Sidonie ta koma. Ban roƙe ta ba, ji kawai ta yi. Mutane dai, Allah Ya bar mu da su.

Roger ya ɗora ɗan bango kewaye da murhu. An ce Goggo ta shafa shi da hannu ta ce an yi mata kurkuku.

Litinin, 23 ga Yuni

Ta yarda da asibiti! Sidonie ce ta faɗa mata ƙiri-ƙiri: ko likita, ko a rufe gidan. Wai sai Goggo ta ce a ɗauko mata mayafinta mai kyau.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na tarye ta a tasha. Na kama hannunta, ba ta ƙwace ba, ba ta kuma amsa gaisuwata ba. Likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, amma na daman ya daɗe ƙwarai, ba ya alkawari. Ya tambaya me ya sa ba a kawo ta tun farko ba. Ni ya kalla. Me zan ce? In ce kullum ina zuwa gaishe ta?

A gida na yi mata tuwo da miyar kuka. Ta yi loma biyu ta ce, "Daddawar garin nan tsada take?" Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ranar. Na ji daɗi kamar an yi mini albishir da Makka.

Laraba, 2 ga Yuli

An yi aikin jiya, yau aka buɗe. Na hagu ya buɗe tas, na dama sai haske kawai. Ta dubi likita, ta dubi fanka, ta dubi tafin hannunta ta juya shi ta ga tabon. Ta daɗe a kansa. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma yaushe kika yi furfura?"

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Talata, 15 ga Yuli

Kontrol na biyu, ni da Madam Véronique. Ba mu sanar ba. Tun daga bakin lungu na ji muryar Goggo: "Ga mai buɗe tukunyar mutane nan da koren zane, ta kawo ƙari." Tana zaune kan tabarma nesa da hayaƙi, baƙin tabarau a fuska, yara sun hau ta ko'ina. Sidonie na juya tuwo, Goggo na ba da umarni kamar soja. Madam ta duba dosiye, ta duba bango, ta wanke hannu, ta ɗanɗana miya, ta ƙara ɗanɗanawa. Ta ce gida ya wuce. Sidonie ta yi guɗa har yaran suka firgita.

Goggo ba za ta koma girki ba, likita ya hana hayaƙi. Na ɗauka abin zai karya ta. Sai na ga tana ba yarinyar nan mai rarrafe abinci a baki, tana kallon fuskarta kamar yau aka kawo ta. Ta ce ashe tana da wushirya.

Da za mu tafi ta riƙe ni a zaure. Ta ce ba ta yafe ba tukuna, kada in ɗauka. Na ce to, Goggo. Ta ce, "Duk zuwan da kika yi da ladabi, ki durƙusa, ki ci, ki tafi, ba ki gan ni ba. Sai ranar da kika yi mini rashin kunya." Ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka ta tura ni waje.

Alhamis, 17 ga Yuli

Har yanzu ina nan kan bakana, buɗe tukunyar mace ba tarbiyya ba ce. Aiki ne ya sa, shi ke nan.

Gobe bayan Juma'a zan leƙa Kawu Mahamman a Pitowa. Tun rasuwar matarsa duk sanda na kira sai ya ce lafiya lau, ya ci, ya ƙoshi, kada in wahalar da kaina. Ban faɗa masa ina zuwa ba. Kuɗin wayata ne ya ƙare, ina jin.