Foldar da Na Kulle

Litinin, 3 ga Maris

Shekara goma sha takwas ke nan yau da abokin aikina Mai Gilashi ya ɗauke littafina na koyar da lissafi daga kan teburin ofis, ya buga shi da sunansa. Shi aka yi wa tafi, ni aka ba ni ritaya. Tun daga ranar ban sake barin takarda a buɗe ba. Littafi na biyu, wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina rubutawa, yana cikin kwamfutata, a foldar da na kulle da hannuna. Sunayen fayilolin suka koma kore, alamar ba mai buɗewa sai ni. Ko 'yata Auta ba ta san da shi ba.

To yau Autar ce ta ɗauki kwamfutar ta kai gyara, wai ƙarar fankarta na hana ta jin rediyo. Ba ta tambaye ni ba.

Talata, 4 ga Maris

An dawo da ita. Akwatin nawa ne, amma an sauya kayan ciki kaf, faifan ajiya kawai aka bari. Na kunna. Shuɗin allo, farin rubutu, ta mutu. Na sake. Haka. Sau tara.

Auta ta ce, “Baba, kyauta fa na yi maka.” Na cusa hannuna cikin aljihu.

Laraba, 5 ga Maris

Ban ci komai ba sai shayi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai ta shagon da kaina. Ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, wayoyi rataye kamar igiyar shanya, ga warin dalma. Mai gyaran ƙato ne mai furfura a gemu, ba ya magana sai da dariya. Ya ce tsohuwar manhajata ba ta san sababbin kayan ba, shi ya sa take firgita.

“Malam, ka auro wa tsoho amarya, ka ce su gane juna rana ɗaya?”

Ban yi dariya ba. Ya ce in bari ya sa mini sabuwar manhaja. Na ce tsohuwar nake so, ita na sani, ita ta san ni. Ya ce to zai goge ta ya sake dasa ta daga tushe, ya nemo mata abin da zai sa ta gane kayan. Faifan ɓangare biyu ne, na manhaja da na takardu, kuma ba zai taɓa na takardun ba.

Sai ya ajiye sukundireba ya dube ni. “Akwai abin da ka kulle a ciki? Gaya mini yanzu, kafin in goge.”

Akwai mutum biyu a kan benci, suna jira, suna ji. Na tuna teburin ofis. Na ce babu.

Ya sake tambaya. Na ce, “Malam, na yi karatu kafin ka san wuta na da waya.”

Asabar, 8 ga Maris

Me ya sa ya tambaya har sau biyu? Tun safe nake juya maganar. Na san kalmar sirrina, ranar haihuwar marigayiya matata ce. Makulli yana kaina, ba a wurinsa ba. Haka dai nake gaya wa kaina. Na sa takalmi zan koma shagon, na kai bakin ƙofa, na cire.

Idan na faɗa masa, zai buɗe ya gani. Idan ya gani…

Litinin, 10 ga Maris

Ta tashi! Ɗan kiɗan nan nata na farko, launin allon da na saba. Mai gyara ya kawo ta da kansa, yana ta washe baki, wai kwana biyu ya yi yana lallashin tsohuwa. Takarduna duk suna nan. Na jira sai da ya tafi.

Foldar tana nan. Sunayen kore suna nan, babi na ɗaya zuwa na ashirin da uku. Na danna. Ta ce ba ni da izini.

Ni.

Na sa suna iri ɗaya, kalmar sirri iri ɗaya. Ba ni da izini.

Talata, 11 ga Maris

Na koma shagon da ita. Na gaya masa a gaban kowa da ke kan bencin, ban ma rage murya ba. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ce ainihin makullin ba kalmar sirrin ba ce, wani ɗan fayil ne da tsohuwar manhajar ke riƙe da shi a ɓangarenta, kuma ɓangaren ne ya goge, ya rubuta sabo a kai. Da na faɗa, da minti biyar ya ishe shi ya kwafe shi.

“Ba sai na karanta ba fa, Malam. Ni lissafi ma tsoronsa nake ji.”

Ya yi yini guda yana nema. Bai samu ba. Bai ce da ni “na tambaye ka” ba. Na so ya faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta same ni gaban allon. Ta ce, “Baba, menene waɗannan korayen?” Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata. Duka, har da Mai Gilashi. Ta fita, ta dawo da littafin rubutu da biro, ta ce in faɗi abin da na tuna a babi na ɗaya. Na ce aikin banza ne. Mun yi shafi biyu. Rubutunta ba kyau. Littafin yana ɗakinta, ban ce ta dawo da shi ba.

Kwamfutar tana aiki lafiya, ba ƙarar fanka.

Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Babu wani kwafi.